Wane girma zan buga zanena, kuma yaya zan ƙunsa shi ya isa lafiya?

Duk matashin da ya fara samun masu son zanenshi a nan Damagaram, tambayar da yake fara yi ita ce wane girma zan buga, A4 ko A3 ko kuwa in yi babba gaba ɗaya ya cika bango. Ni a ganina tambayar tana zuwa da wuri, don kafin ka kai ga zaɓen girma akwai abubuwan da sun riga sun yanke maka hukunci: siffar zanen kanshi, ƙarfin hoton da ka ɗauke shi da shi, kadar ɗin, wato firam, da mai saye zai iya samu a garinsu, sannan hanyar da takardar za ta bi kafin ta shiga hannunshi. Lissafin daga bangon mai saye yake farawa ya dawo teburinka. Tela ma sai ya auna mai riga kafin ya sa almakashi a shadda.

Kuma abin ya cancanci a zauna a yi mishi lissafi, don zanen asali sau ɗaya kake sayar da shi ya tafi ke nan, amma bugu shi ne zai sa ƙofar gidan Birni da ka kwashe makonni kana fitar da dagin jikinta ta shiga falon malamin lakkol a Karkada, ta shiga buro a Yamai, ta shiga ɗakin ɗan Damagaram da ke zaune a Faransa yana kewar gida. Mutanen nan uku ba aljihunsu ɗaya ba, ba bangonsu ɗaya ba, kuma ba hanya ɗaya takardar za ta bi zuwa wurinsu ba.

Mu fara da siffa, don nan aka fi yin asara tun kafin a taɓa inji. Takardun A duka siffarsu ɗaya ce, tsawon ya ninka faɗin sau 1,41. A4 santimita 21x29,7 ce, A3 29,7x42, A2 42x59,4, A5 kuma 14,8x21. Jamusawa suka fito da tsarin a 1922, daga baya a 1975 ya zama awon ƙasa da ƙasa, kuma hikimar da ke ciki ita ce in ka ninke kowace biyu sai ta ba ka ta ƙasa da ita ba tare da siffar ta canza ba. Shi ya sa injin fotokofi yake da 141 da 71 a jikinshi, ɗaya ya ɗaga A4 zuwa A3 ɗaya ya sauko da ita. Amfanin wannan gare ka babba ne: fayil guda da ka gyara a siffar A zai yi maka A5 da A4 da A3 duka, kuma takardar A3 guda tana fitar da A4 biyu, ko A5 huɗu, ko ƙananan kati A6 takwas, babu ɓarnar yanka.

Matsalar ita ce zanenka ba lalle ne yana da wannan siffar ba. In a kan kyalle 60x80 ka yi aiki, siffarshi 3 da 4 ce. In 50x50 ne, murabba'i ne. Ka kai murabba'i gidan bugu ka ce a cika maka A4 da shi, to ɗayan biyu za a yi: ko a datse gefe da gefe ka rasa kusan kashi 30 cikin 100 na aikinka, ko kuma yaron da ke kan kwamfuta ya ja shi da linzami ya miƙar da shi, dokin hawan sallah ya koma dogo siriri, rawanin dogari ya tashi sama. Wannan na biyun shi ya fi ciwo don wani lokaci ba ka lura sai ka dawo gida. Maganin kuwa mai sauƙi ne, ka daina cewa a cika takarda. Ka bar farin gefe. Zane mai siffar 3 da 4 ka buga shi 18x24 a tsakiyar A4, zai bar maka santimita ɗaya da rabi hagu da dama, sama da ƙasa kuma 5,7 da za ka raba, ka ba ƙasa kaso mafi yawa don nan sa hannunka zai zauna. A kan A3 ka yi 24x32 in kana son gefe mai faɗi, ko 27x36 in kana son zanen ya fi cika ido. Murabba'i kuma 18x18 a kan A4 ya zauna daram, ko ka sa a yanke takardar ta zama 21x21.

Wasu suna ganin farin gefen nan asarar takarda ce, har mai saye ma yakan ce ai kuɗin A3 na biya me ya sa hoton bai cika ba. Sai ka yi mishi bayani a tsanake, don gefen nan aiki yake yi. Shi yatsa ke kamawa ba fuskar zanen ba. In kusurwa ta bugu a hanya shi ke shan dukan. Kuma shi ne ke ceton ka ranar da kadar bai yi daidai ba, wanda shi ne abu na gaba.

A nan cikin gari maganar kadar ko firam ba ta da wuya, mai saye zai ɗauki takardar ya kai wa mai yanka gilashi ya auna ya haɗa mishi daidai ko wane awo ne. Amma kadar ɗin da ake shigo da su an riga an haɗa, waɗanda ake samu a butik a Yamai ko a Turai, awonsu na hoto ne ba na takardar buro ba: 10x15, 13x18, 20x30, 24x30, 30x40, 40x50, 50x70. Dubi 30x40 da kyau, shi ne tarkon da ya fi kama mutane. A3 tana kama da shi sosai, faɗin ya shiga, amma tsawonta 42 ne, ta fi kadar ɗin da santimita 2. Mai saye ya sayo 30x40 da murna ya zo sakawa ta ƙi. In ka bar farin gefe, zai aske santimita ɗaya sama ɗaya ƙasa a wuce wurin. In ka cika takardar da zane har baki, to sai dai ya yanke maka aiki ko ya ninke shi ta baya, kuma wallahi akwai masu ninkewa. Hanya mafi kyau ita ce ka riƙa gaya wa mutum kadar ɗin da zai nema tun wajen ciniki: A4 ta shiga 30x40 da kwalin nan mai taga a tsakiya da ake ɗorawa a kewaye zane, A3 ta shiga 40x50, A2 ta shiga 50x70. Kwalin nan ba ado kawai ba ne, yana hana fuskar bugun manne wa gilashi in damina ta kawo danshi.

Na Amurka kuma nasu daban ne gaba ɗaya, da inci suke awo. Takardar buronsu 21,6x27,9 ce, ta fi A4 faɗi kaɗan ta fi ta gajarta, kadar ɗinsu na yau da kullum kuma inci 8x10, 11x14, 16x20. Inci 8x10 santimita 20,3x25,4 ke nan, A4 ba za ta shiga ba sai an rage mata sama da santimita 4. In kana da masu saye can, ka tambaye su kafin ka buga, kada ka tura sannan a fara neman mafita.

To yanzu ƙarfin hoto. Wannan shi ne abin da ke faɗa maka iyakar girman da za ka iya kaiwa, ko da zuciyarka tana son A1. Hoton kwamfuta ɗigo-ɗigo ne da ake kira fiksel, kuma bugun da za a riƙe a hannu a duba kusa yana son ɗigo 300 a kowane inci, shi ne dpi ɗin da kake ji masu gidan bugu suna faɗa. Cikakkiyar A4 a haka tana son 2480x3508, A3 tana son 3508x4961, A2 kuma 4961x7016. Yawancin wayoyin da ke hannunmu hoton da suke fitarwa wajen 4000x3000 ne, har waɗanda aka rubuta 48 ko 50 megafiksel a kwalinsu, sai ka shiga ka kunna cikakken ƙarfin da kanka. Da 4000x3000 za ka yi A4 hankali kwance, za ka yi 27x36 a kan A3 ma ya fito da kyau don lissafin yana ba da wajen dpi 280. A2 kuwa za ka sauko ƙasa da 200, wanda ba laifi ba ne in abin zai zauna a bango ana kallonshi daga mita biyu, amma in aikin zayyana ne mai siraran layuka da mutum zai matso ya bi da ido, za a ga bakin layin ya yi gashi-gashi.

In zanen a kan takarda ka yi shi kuma bai wuce A4 ba, ka bar waya ka nemi sikana. A4 da aka sikana a 600 tana ba da fiksel ɗin da za su ishe ka A2 a 300, wato ninki biyu na tsawo da faɗi ba tare da ka rasa komai ba. In kuma babba ne sai dai hoto, to ka fitar da shi inuwa da safe, ka jingina shi tsaye cak a bango, wayar ta yi daidai da tsakiyarshi kada ta kalle shi daga ƙasa ko daga gefe, ka kashe filas, ka goge gilashin kamara don ƙurar garin nan ba ta barin komai, sannan ka ajiye farar takarda a gefen zanen cikin hoton, da ita za ka gane ko hasken ya ja launin zuwa rawaya ko shuɗi lokacin gyara. Ranar da hazon hunturu ya rufe gari hasken yana da laushi babu ƙyalli, amma yana kashe launi, farar takardar nan ita za ta nuna maka.

Sai babban abin takaici, WhatsApp. Ka ɗauki hoto mai kyau, ka tura wa mai bugu ta hanyar da ka saba tura hoton suna da biki, WhatsApp ya matse shi ya dawo da dogon gefen wajen fiksel 1600, wanda a dpi 300 bai fi santimita 13 da rabi ba. Da wannan za a buga maka A3, ya fito dishi-dishi ka ce injin ne ba kyau. Ka tura shi a matsayin dokiman, ko ka kai a kile USB, ko ka haɗa waya da kwamfutarsu. Kuma kada ka taɓa ba da odar guda ashirin ba ka ga gwaji ba. Allon waya haske yake fitarwa, takarda kuwa tawada take sha, don haka bugu kusan kullum ya fi abin da kake gani a waya duhu, kuma shuɗin baba mai ƙarfi da kore mai haske su suka fi mutuwa a hanya. Ka sa a buga maka guda ɗaya ƙarami a kan ainihin takardar da za ka yi aiki da ita, ka fita da shi waje ka ajiye kusa da zanen asali ka duba da hasken rana, ba da hasken kwan gidan bugu ba.

Takarda da nauyi ake gane ta, giram nawa a murabba'in mita. Ta buro 80 ce, wannan ba ta sayarwa ba ce ko kaɗan, hannu mai gumi ya taɓa ta ta yi kumburi. Daga 200 zuwa 300 nan ne bugu yake fara jin kamar abu mai daraja a hannu. Takarda mai santsi da ake kira kushe, marar sheƙinta ta fi dacewa da aikin fensir da alƙalami da launin ruwa, kuma a bayan gilashi ba ta ƙyalli, mai sheƙi kuma tana tayar da launi amma duk yatsan da ya sauka sai ya bar shaida. Akwai takardun auduga irin na Hahnemühle da Canson da masu sayar da bugu a Turai suke amfani da su, wajen giram 300, suna da kyau ƙwarai amma sai an yi maka odarsu daga waje, kuma ni ba na ba wanda yake farawa shawarar ya zuba jarinshi nan.

Abin da na fi so ka tambaya shi ne tawada. Ƙananan injinan Epson masu tanki da suka cika gidajen hoto, irin su L805 da L1800, tawadarsu ta rini ce, launinta yana da daɗi ranar farko amma hasken rana yana cinye ta, kuma ka san ranar Damagaram. Bugun da aka rataye inda hasken taga ke dukanshi zai koɗe. Tawada mai garin launi, wadda suke ce wa figiman, ta fi daɗewa nesa ba kusa ba, ta fi tsada kuma ba ko'ina ake samunta ba. Injin laza shi kuma hoda yake narkawa a kan takarda, yana jure haske sosai amma in ka naɗe takarda mai kauri da ƙarfi hodar tana iya tsagewa. Ba cewa nake kada ka yi aiki da abin da ke akwai ba. Ka san wanda kake sayarwa, ka faɗa wa mai saye gaskiya, ka ce mishi ya nisanta shi da rana. Maganar filastifiye kuma da mutane ke yawan nema, in na shagon mai shayi ne ko kalanda ba komai, tana kare ƙura da ruwa, amma bugun da ka sa wa hannu kada ka yarda, don da zafi ake manna ledar kuma ba ta sake fita har abada.

Idan ka haɗa duk wannan, za ka ga girma biyu ko uku sun ishe ka. Ni abin da nake ganin ya fi zama daidai a nan shi ne A5 na mai ƙaramin ƙarfi da mai son yin kado, A4 ko A3 a matsayin babban abin sayarwa, sannan A2 sai wanda ya yi oda ya ba da rabin kuɗi. Mai buga girma har bakwai kuɗinshi a kwance suke cikin takardun da ba a saya ba, gara da kyankyaso suna jiran su, kuma kowane girma yana son ambulof ɗinshi da kwalinshi daban.

Ƙunshi kenan. Daga A3 zuwa ƙasa a shimfiɗe ake turawa, kada ka naɗe ƙaramin bugu. Bayan an buga ka bar shi ya kwana a buɗe a ɗakin da ba ƙura, tawadar ta gama bushewa, in ka rufe shi a leda nan take zai iya yin tabo. Da safe ka wanke hannu, ka share tebur, ka ɗora farar takarda mai tsabta a kan fuskar zanen, ba jarida ba don tawadarta tana sauka, ka zura su cikin leda mai haske ka rufe bakin. Sai kwali biyu, kowanne ya fi takardar da santimita 2 ta kowane gefe. Dubi bakin kwalin za ka ga ramuka a jere, suna tafiya ta fuska ɗaya, kuma ta wannan fuskar yake lanƙwashewa cikin sauƙi. To ka yanka ɗaya ramukan suna tsaye ɗayan suna kwance, in ka haɗa su sai kowanne ya tare raunin ɗan uwanshi, gwada lanƙwasa su a gwiwa za ka ji bambancin. Ka kafe ledar a tsakiyar kwalin ƙasa da ɗan sikoc a kusurwa huɗu don kada ta yi ta yawo a ciki, sikoc ɗin a jikin leda zai tsaya, kada ya kusanci takardar, don a zafin watan Afrilu da Mayu da ake haura digiri 40 gam ɗinshi narkewa yake yana malala. Roba mai ɗaure kuɗi ma haka, narkewa take ta manne. Ka rufe da kwalin sama, ka bi baki huɗu da sikoc, sannan ambulof: C5 ta A5, C4 ta A4 wadda take 22,9x32,4, sai dai da kwali mai faɗin da na faɗa ba za ta shiga C4 ba, don haka ko ka matse kwalin ko ka naɗe shi da takardar kaki ka yi naka. Kwalin kuma ka duba abin da ya taɓa ɗauka, na sabulu da na maggi da na mai suna barin wari da maiƙo, na kayan lantarki ya fi tsabta.

A2 zuwa sama sai bututu. Masu buga bash, wato manyan ledojin talla, suna da bututun kwali da ke cikin naɗin kayansu, masu ƙarfi ne, sau da yawa jefarwa suke, ka roƙa ko ka saya ka yanka da zarto. In ba ka samu ba tiyon ruwa na roba mai faɗin milimita 75 yana yi, musamman da damina. Kada faɗin ya gaza santimita 7, siririn bututu yana karya takarda mai kauri. Ka naɗe ta yadda gajeren gefen ne zai zama tsawon bututun, wato A2 tana son bututu wajen santimita 48 kawai ba 65 ba. Fuskar zanen ta kalli waje da farar takarda a kanta, don in an warware lanƙwasar ta koma wajen bango maimakon kusurwoyin su taso. Naɗin ya ɗan fi bututun ƙanƙanta yadda zai zaro da yatsa biyu, ka ɗaure shi da zoben takarda, ka cusa takarda mai laushi a baki biyu don kada ya riƙa dukan murfi.

Yanzu ka tuna inda wannan ƙunshin zai kwana. Daga nan zuwa Yamai wajen kilomita 900 ne, ta Maradi da Konni da Dosso, yini guda cur a cikin kar, kuma kolinka yana ƙasa wurin kaya tare da buhunan hatsi da jarkoki da akwatuna, wani lokaci har da babur, ana saukewa ana lodawa a kowace tasha. Yaran lodi ba mugunta suke ba, sauri suke, kuma abu mai faɗi marar nauyi shi ake cusawa a duk ramin da ya rage. Don haka na hanyar kar ni ina ƙara falankin siririn katako a gefe ɗaya in A3 ce, sannan leda ta biyu a waje gaba ɗaya, don ƙura a hunturu, don ruwa a watan Agusta. Ka rubuta sunan mai karɓa da lambarshi manya a fuska biyu, ka rubuta kada a lanƙwasa da Hausa da Faransanci. In aikin yana ɗauke da ayoyi ko sunayen Allah ka faɗa wa mai karɓar koli da bakinka, ka roƙi a ɗora shi sama kada a taka, yawanci suna girmama wannan. Gilashi kuwa kada ka tura shi ta kar in ba dole ba, in ya fashe ba shi kaɗai zai tafi ba, sai ya yanka zanen. A haɗa kadar a can. Ko a cikin gari in ɗan kabu-kabu zai kai, ka ba shi a leda mai hannu, in ba haka ba ƙarƙashin cinya zai sa shi.

Na ƙasar waje kuma awo ne ke cin kuɗi. A gidan waya ƙaramin ƙunshi ba ya wuce kilo 2, tsawo da faɗi da kauri in an haɗa kada su wuce santimita 90, kuma dogon gefen kada ya wuce 60. A3 cikin kwali, a ce 46 da 34 da 2, ya ba da 82, ya shiga. A2 kuwa ita kanta 59,4 ce, da ka sa mata kwali ta haura 60, ta fita daga wannan aji. Ka ga dalilin da ya sa A3 ce iyakar shimfiɗe. Bututu nashi ƙa'idar daban, tsawon da faɗin baki sau biyu kada su wuce 104. Kamfanoni irin DHL kuma suna lissafa nauyin girma, su ninka tsawo da faɗi da kauri su raba da 5000, su caje ka da wanda ya fi yawa tsakanin wannan da nauyin sikeli. Bututu 48x8x8 bai kai kilo ɗaya ba a wannan lissafin, amma kadar 40x50 da aka naɗe da kyau ya zama 55x45x8 ya kusa kilo 4. Takardar kanta ba komai ba ce, A3 mai giram 250 nauyinta wajen giram 31 ne, duk sauran kuɗin kwali da iska kake biya. Za a ba ka takardar duwan ka cike, CN22 ko CN23, ka rubuta bugu ne a kan takarda ka sa farashin gaskiya. Kuma tun 1 ga Yulin 2021 ƙasashen Tarayyar Turai sun cire rangwamen harajin da suke yi wa ƙananan kaya, don haka ka gaya wa mai saye tun farko ana iya neman ya biya wani abu kafin a ba shi, kada ya ji a bakin ma'aikacin gidan waya ya ɗauka kai ka ɓoye mishi.

Duk wannan dole ya shiga farashi. Da yawa suna lissafa kuɗin bugu kawai su ɗora riba, su manta leda da kwali da sikoc da kuɗin kabu-kabu zuwa gidan bugu da dawowa da zuwa tasha, da gwajin da aka buga, da wanda ya lalace ranar da kuran ya ɗauke alhali takarda tana tsakiyar inji. A ce, misali kawai, bugun ya ci jika biyu, ƙunshi da zirga-zirga sun ci jika ɗaya, to jika uku ne tushenka ba biyu ba, kuma har yanzu ba ka sa ladan zanen kanshi ba. Kuɗin turawa ka ware shi daban ka faɗa a fili, kuma ya shigo ta Nita ko Amana ko Airtel Money kafin ka nufi tasha.

In za ka yi bugu mai iyaka, ka sa hannu da fensir a farin gefen ƙasa don fensir ba ya koɗewa, ka rubuta lamba kamar 7/30, ka buɗe littafi kana rubuta wa ya ɗauki wace lamba. In talatin ɗin sun ƙare sun ƙare, ko da wani ya zo da kuɗi ninki biyu. Sayar da bugu ko ma zanen asali ba ya ba mai saye ikon ya je ya yi ta bugawa, haƙƙin yana hannunka, kuma muna da BNDA da ke kula da haƙƙin masu fasaha a ƙasar nan, ka je ka ji yadda ake rajista. Fayil ɗinka ma kada ka bar shi a kwamfutar gidan bugu, ka roƙa a goge a gabanka.

Kafin ka miƙa koli ka ɗauki hoton bugun, ka ɗauki hoton ƙunshin a rufe, ka tura wa mai saye tare da resi. In na bututu ne ka gaya mishi ya warware a hankali ya shimfiɗa a tebur ya danne da littattafai kwana ɗaya ko biyu kafin ya kai wa mai kadar. In kuma duk da haka ya isa a lalace, ka ce ya turo hoto ka sake buga mishi ba gardama, in mai lamba ne ya yaga na farkon ya nuna maka sannan ka sa wa sabon lambar da ta gabata.